Darasi na 9: Jan Ruwa da Tauraron Ɗan'adam

Duk macen da ta taɓa ɗebo ruwan tafki bayan ruwan shuka ta san ba a kai shi baki nan take. Ja yake zuwa, kamar an dama jar ƙasa a ciki. Sai an bar shi ya kwana a tulu, ko a jefa masa ɗan alif, ko a daka ƙwayar zogale a zuba. In gari ya waye ta tsiyaye na sama, sai ta tarar laka ta kwanta a gindin tulun, mai santsi, wani lokaci har kaurin yatsa. Takan ɗauraye ta watsar a gindin darni, ba ta sake tunawa da ita.

Wannan lakar ce abin karatunmu a yau. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, haka nan ba ya yin ja banza. Lakar da ke gindin tulu yau, jiya tana gonar wani. Ita ce fatar ƙasa, inda taki ya ruɓe, inda saiwar hatsi ke samun abinci. Ruwan sama ne ya kankare ta ya gangaro da ita. Abin da ke faruwa a cikin tulu shi ke faruwa a tafkunan Wacha da Bande da Guci, shi ne kuma ke faruwa a manyan kogunan duniya, sai dai a can da miliyoyin tan ake lissafi. Kimanin shekara hamsin ke nan masana suna koyon auna wannan laka daga hotunan da taurarin ɗan'adam ke ɗauka.

Wani a cikin aji zai ce: "Malam, mu da ba mu da kogi, ina ruwanmu da kogunan wasu?" Tambayar tana kan hanya. A gundumomin Magarya da Dungas babu kogin da ke gudu rani da damina. Abin da muke da shi kwarin Korama ne da rassansa, da tafkuna, da fadamun rake da rogo da kayan lambu. Ruwanmu ma ba ya zuwa Kogin Isa; ƙasarmu tana cikin yankin da ke gangarawa Tafkin Chadi. Amma babu kogin da ke ƙirƙirar lakarsa. A gona irin tamu tafiyarta ke farawa. Za mu je Amazon, mu je Yamai, sannan mu dawo gida.

Abin da ruwa ke ɗauka

In ruwa yana gudu, kaya iri uku yake tafe da su. Akwai abin da ya narke a cikinsa, kamar gishiri da kanwa, wanda ido ba ya gani. Akwai rairayi da tsakuwa masu nauyi, waɗanda ruwa ke mirginawa a ƙasa. Sai na tsakiya, wato laka da yumɓu masu laushi da ke yawo a cikin ruwan ba su nutse ba. Wannan na ukun shi ke ba ruwa launi, shi ne kuma a darasin nan za mu riƙa kira lakar da ke yawo.

Ku cika kwalba da jan ruwa, ku girgiza, ku ajiye. Kafin minti ɗaya rairayi ya sauka. Laka takan ɗauki sa'o'i. Yumɓu kuwa yakan yi kwanaki yana yawo, shi ya sa wani ruwan ko ya kwana biyu ba ya washewa sai an sa masa alif. Aikin alif da ƙwayar zogale shi ne su tara ƙananan ƙwayoyin yumɓu su dunƙule, su yi nauyi, su sauka.

Masu bincike suna yin abin da ya yi kama da wannan, amma da sikeli. Sukan ɗebi ruwa gwargwadon da suka sani, a ce lita ɗaya, su tace shi da takardar tacewa da suka riga suka auna nauyinta, su busar da takardar a zafi mai maki 105, su sake aunawa. Ƙarin nauyin da aka samu shi ne nauyin lakar. Ana faɗinsa da miligiram a lita. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne.

Adadin yakan yi kama da ƙarami har sai an haɗa shi da yawan ruwan da ke wucewa. Ga misali na lissafi, mu yi shi tare. A ce kowace lita tana ɗauke da miligiram 500, wato rabin giram. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, duro biyar ke nan na lita 200, saboda haka tana ɗauke da rabin kilo. In kogin yana wuce da kubik mita 1,000 a kowane sakan, to kilo 500 na ƙasa ke wucewa a sakan. Yini da kwana sakan 86,400 ne. In aka ninka, an sami tan 43,200. Da a mota za a kwashe wannan ƙasa, sai an jera tirela 1,440 masu ɗaukar tan 30. A rana guda.

Wahalar wannan awo ita ce sai mutum ya je bakin ruwa, da kwalekwale da kwalabe da kuɗin mai. Kogin Isa ya kai kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini zuwa teku. Wa zai iya tsayawa a kowace mashaya kowace rana? Nan ne tauraro ya shigo.

Yadda tauraro ke karanta ruwa

Tauraron da muke magana a kai na'ura ce da ake harbawa sama, ta riƙa zagaya duniya ɗauke da kamara. Amurka ta harba Landsat na farko ranar 23 ga Yuli, 1972, kuma jerinsu bai yanke ba har yau: Landsat 8 ya tashi a 2013, Landsat 9 a 2021. Waɗannan biyun suna shawagi a nisan kilomita 705, kowannensu yana dawowa kan wuri guda bayan kwana 16. Turai tana da Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015, na biyu a 2017. Taurari biyu na wannan jeri tare sukan leƙa kowane wuri duk bayan kwana biyar. Akwai kuma kamara mai suna MODIS, a kan taurari biyu na Amurka da aka harba a 1999 da 2002, wadda ke kallon kusan duk duniya kowace rana.

Kamarar ba ta ganin laka. Haske take aunawa. Rana ta haska ruwa, wani sashe na hasken ya nutse, wani ya dawo sama; abin da ya dawo shi na'urar ke ƙirgawa. Hasken rana kuwa launuka ne a haɗe, kamar yadda bakan gizo ke nuna mana bayan ruwa. Kamarar tana raba su, ta auna shuɗi daban, kore daban, ja daban. Bayan ja akwai wani haske da idon mutum ba ya gani, amma na'ura tana gani sarai. Mu kira shi hasken bayan ja.

Ruwa mai tsabta haɗiye jan haske yake yi, hasken bayan ja kuwa kusan ba ya barin komai ya dawo. Shi ya sa in ka leƙa rijiya mai zurfi sai ka ga baƙi. Amma in laka tana yawo, kowace ƙwaya takan zama kamar ɗan ƙaramin madubi, ta mayar da haske sama. Yawan laka, yawan hasken da ke dawowa. Iyakar asirin ke nan, kuma shi ne abin da uwar gida ke yi in ta leƙa tulu ta ce, wannan ruwan bai kwanta ba. Bambancin kawai, na'ura tana ba da adadi, tana kuma ajiye shi da kwanan wata.

Akwai wani abu da ya shafi irin ruwanmu na Sahel musamman. In laka ta yi yawa ƙwarai, jan hasken da ke dawowa yakan kai iyaka ya tsaya. Ko an ƙara laka ba ya ƙaruwa. Kamar mudu ne da ya cika, duk abin da aka ƙara zubewa yake. A irin wannan hali sai a koma ga hasken bayan ja, domin shi yana ci gaba da hawa. Ma'aunin da aka gina a kan ruwan Turai mai ɗan laka kaɗan yakan ruɗe in aka kawo shi tafkinmu na watan Agusta. Wannan na cikin dalilan da suka sa dole a sami masu binciken da ke zaune a ƙasashenmu.

Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, kamar gidajen dara, kowane ɗigo da adadi guda. A Sentinel-2 ɗigo ɗaya mita 10 ne tsawo da faɗi, a Landsat mita 30, a MODIS mita 250. Ku ɗauki tafki mai tsawon mita 200 da faɗin mita 100, wato hekta biyu. Sentinel-2 zai raba shi ɗigo 200. Landsat zai ba shi wajen 22. A idon MODIS kuwa bai cika ɗigo ɗaya ba, ya gauraye da gonakin da ke kewaye da shi. Don haka MODIS na manyan koguna ne masu faɗi, Sentinel-2 shi ne abokin ƙananan ruwaye.

Sai dai adadin haske ba nauyin laka ba ne. Kafin hoto ya yi magana, sai an ɗaure shi da kwalba. Mai bincike yakan ɗebi ruwa a ranar da tauraro zai wuce, ya auna lakar a ɗakin gwaje-gwaje, ya rubuta ta kusa da adadin hasken da hoton ranar ya nuna. In ya tara irin wannan sau da yawa, a ruwa mai kauri da mai tsabta, sai ya fitar da ƙa'ida: haske kaza, laka kaza. Daga nan yana iya karanta hotunan wuraren da bai je ba, har da na shekarun da suka wuce. Ni a ganina wannan ne wurin da ya fi muhimmanci a dukan darasin. Tauraro bai kori mai kwalba daga aiki ba. In babu mai kwalba, hoton launi ne kawai.

Amazon, inda aka fi gwada dabarar

A kusa da birnin Manaus na ƙasar Brazil, koguna biyu ke haɗuwa. Rio Negro baƙi ne kamar shayin da ba madara, domin ta daji ya ratso, ruɓaɓɓen ganye ya rina shi, laka kuwa kaɗan. Solimões kuma launin kunu ne, saboda ƙasar da ya kwaso daga tsaunukan Andes. Sukan yi tafiyar kilomita da dama kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, kuma layin da ke tsakaninsu yana fita a hoton tauraro kamar an ja shi da alli. Wanda ya taɓa zuwa Lakwaja, inda Binuwai ke shiga Kwara, wato Kogin Isa, ko Khartoum, inda Nilu biyu ke gamuwa, ya san irin wannan kallo.

Amazon ya fi kowane kogi ruwa a duniya, yana zuba wa teku kimanin kubik mita 200,000 a sakan. A garin Óbidos akwai tashar awo, kuma wani shirin haɗin gwiwa mai suna HYBAM, na cibiyar IRD ta Faransa da hukumomin ƙasashen yankin, yana sa mutanen bakin kogi su ɗebi ruwa duk bayan kwana goma. A 2009 Jean-Michel Martinez da abokan aikinsa suka haɗa waɗannan kwalabe da hotunan MODIS, suka lissafa cewa kimanin tan miliyan 800 na laka ke wucewa ta Óbidos a shekara, kuma adadin ya ƙaru tsakanin 1995 da 2007. Ku lura da wanda ke ɗibar ruwan: mazaunin bakin kogi ne da kwalbarsa, mutum irin ni da ku.

Kada a ɗauka laka masifa ce kullum. Masar ta yi dubban shekaru tana ci daga lakar da Nilu ke kawowa daga tsaunukan Habasha, har aka gama dam ɗin Aswan a 1970 ya riƙe ta a bayansa. Albarkar fadamarmu ma daga abin da ruwa ya ajiye take. Matsala tana tasowa ne in abin da ke barin tudu ya fi ƙarfin abin da tudun ke iya mayarwa, ko in ya taru inda ba a so, a dam, a tafki, a hanyar ruwan lambu.

Cikowa biyu a Yamai

Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai, kuma mutanen birnin da launi suke bambanta su. Akwai baƙar cikowa, wadda ke kai ƙarfinta da sanyi, wajen Disamba zuwa Janairu. Ruwan saman Gini ne, ya yi watanni a hanya. A ƙasar Mali, wajen Mopti, yakan bazu cikin wata ƙatuwar fadama, ya huta, ya sauke kayansa kamar ruwan da ya kwana a tulu, sannan ya ci gaba. Yana isowa Yamai a washe.

Akwai kuma jar cikowa, ta tsakiyar damina, wajen Yuli zuwa Satumba. Ita ba ta da nisa. Rafuka uku da ke fitowa ta wajen Burkina Faso, Gorouol da Dargol da Sirba, su ke kawo mafi yawanta, tare da ƙoramun da ke kusa. Ba ta sami wurin hutawa ba, don haka da lakarta take zuwa.

A da baƙar cikowa ce babba. Yanzu ja ce ke ba da tsoro. A Agustan 2012 ta yi ɓarna, a farkon Satumban 2020 kuma ma'aunin Yamai ya kai santimita 700, ruwa ya karya shinge ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, tun bayan farin shekarun 1970 da 1980 suka lura ruwan da ke gangarowa a rafukan Sahel ƙaruwa yake yi, alhali ruwan sama ya ragu. Manomi zai gane dalilin kafin malami. In itatuwa da ciyawa suka tafi, ƙasa takan zama fako. Ruwa in ya sauka a fako ba ya shiga, gudu yake yi, yana sassaƙar ƙasa, yana buɗe kwazazzabai. Gona ta yi asara sau biyu: ba ta sha ba, kuma an kwashe mata fata.

Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da abokan aikinsu na Faransa, sun bi wannan jan ruwa da kwalba da kuma hotunan Sentinel-2, suka wallafa sakamakon a 2022. Sun nuna cewa ƙwayoyin lakar ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu yumɓu, kuma hasken bayan ja ne ya fi dacewa da auna su. An yi makamancin wannan aiki a dam ɗin Bagré na Burkina Faso da tafkunan Gourma a Mali. Amfanin a fili yake. Yamai daga kogin take sha, kuma yawan laka shi ke faɗin yawan maganin da matatar Goudel za ta zuba. Dam ɗin Kandadji da ake ginawa a jihar Tillabéri, tsawon rayuwarsa ya dogara da yawan ƙasar da za ta kwanta a cikinsa. Sannan ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo sukan laƙe a jikin laka, ta kare su daga zafin rana. Jan ruwa gargaɗi ne ga ma'aikacin lafiya. Hukumar Kogin Isa, mai ƙasashe tara, da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, duk a Yamai suke, kuma hotunan tauraro na cikin kayan aikinsu na kullum.

Inda idon ke gazawa

Gajimare shi ne babban abokin gāba. Waɗannan kamarori ba sa ratsa shi, kuma a watan da ruwa ya fi ɗaukar laka, a watan ne sama ta fi rufewa. Da rani kuma ga hazo. Ƙurar da iska ke tasowa daga kwarin Bodélé na Chadi tana mayar da haske ita ma, har ruwa mai tsabta ya yi kama da mai laka. Sai an cire rabon ƙura da lissafi kafin a karanta hoton. In ruwa bai da zurfi, kamara takan hango ƙasan tafkin ta ɗauka laka ce. Kainuwa da bado da kacala kuwa rufe ruwan suke yi baki ɗaya.

Gazawar da ta fi shafarmu ita ce wannan: saman ruwa kawai tauraro ke gani. Rairayin da ke mirginawa a ƙasa ba ya fita a launi. A ƙasar jigawa irin tamu kuwa, rairayi shi ne babban mai cike tafki, wani ruwa ya kawo, wani iska. Wanda ya ce maku hoto zai faɗi komai game da tafkinku, bai san tafkin ba.

Mu dawo Magarya da Dungas

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga idon sama. Bayan yunwar shekarun 1980, manoman Magarya da Matameye da Miriya suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu, suna sassabe da lura, suna kare ƴan itatuwa daga gatari da awaki. Sun yi shekaru suna wannan aiki duniya ba ta sani ba. Sai da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka zagaya ƙauyuka, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka kuma ya jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da na tauraro na farkon shekarun 2000, sannan gani ya kori ji. An ƙiyasta kimanin hekta miliyan ɗaya a waɗannan gundumomi uku, da kimanin hekta miliyan biyar da itatuwa miliyan 200 a duk kudancin Nijar. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, domin sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Iyayenku ne suka yi wannan, wasunku ma da hannunku aka yi. Ina so ku riƙe shi da daraja, domin mutanen nesa sun zo sun koya daga gare ku.

Labarin gawo da labarin jan ruwa igiya ɗaya ce. Ganyen da gawo ke zubarwa da damina yana rufe ƙasa yana ciyar da ita. Itace yana karya ƙarfin iska. Kara da aka bari a gona, da rabin wata da aka haƙa a fako, da layin gamba a bakin gangare, duk suna sa ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Ruwan da ya shiga ƙasa shi ne wanda mai lambu ke samu a ƴar gajeriyar rijiyarsa a kwarin Korama da rani. Wanda ya gudu kuwa, shi ke zuwa tafki ja. Launin tafki bayan ruwan sama shaida ce a kan yadda ake riƙe gonakin da ke samansa.

Me za a iya karantawa game da tafkunanmu daga sama? Na farko launi, a tafkin da ya kai ƴan hektoci kuma ciyawa ba ta rufe shi ba. In tafkuna biyu suna kusa, ruwan sama ɗaya ya sauka masu, amma ɗaya ya fi ɗaya ja kowace shekara, sai a bi sawun ruwan a hau tudu a ga inda ƙasa ke gudu. Wannan zai nuna wa ƙaramar hukuma inda ya kamata a fara aikin gyaran ƙasa, maimakon a raba kuɗin ko'ina kaɗan-kaɗan.

Na biyu, wanda a ganina ya fi amfani a gare mu, shi ne faɗin ruwa da ranar ƙafewa. Tunda ruwa yana haɗiye hasken bayan ja, tudu kuma yana mayar da shi, bakin tafki yana fita sarai a hoto. Rairayin da ba a gani a launi, a nan yake tona kansa. Tafkin da ya cike yakan yi faɗi da damina, ya malale cikin gonaki, sannan ya ƙafe da wuri. In dattawa suka ce a da ruwan nan yana kai mu bazara, yanzu kafin ƙarshen sanyi ya tafi, akwai inda za a duba: hotunan Landsat sun koma baya shekaru da dama, kuma tun 2008 kyauta ake ba da su. Na Sentinel-2 ma kyauta ne ga duk mai kwamfuta da intanet. Sai dai a haɗa da lissafin ruwan saman kowace shekara, don kada a ɗora wa rairayi laifin fari. Damina irin ta 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, za ta cika kowane tafki ko da ya cike da ƙasa. Shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba.

Irin wannan aiki ɗalibin jami'a a Damagaram zai iya yin rabinsa a kan tebur. Ɗaya rabin yana bakin tafki, hannun wanda ke wucewa ta wurin kowace safiya.

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi tafki ɗaya kusa da garinsu. Ku sami farin murfin kwano, ku huda tsakiyarsa, ku ɗaura igiya mai ƙulli a kowace santimita biyar, da ɗan dutse a ƙasa don ya nutse. Ku sauke shi a hankali har ya ɓace wa ido, ku rubuta zurfin. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara wannan awo a 1865, kuma har yau ana amfani da shi. Ku yi shi a wuri ɗaya, da hantsi, rana tana bayanku. Kada yaro ya shiga ruwa shi kaɗai, kada kowa ya shiga ƙorama tana gudu.

A ranar kuma ku cika kwalbar lita ɗaya, ku ajiye ta kwana biyu ba motsi, ku auna kaurin abin da ya kwanta. A littafinku ku ja layi huɗu: kwanan wata, ko an yi ruwa a daren jiya, zurfin da murfi ya ɓace, kaurin laka. Ku maimaita duk ranar kasuwar garinku, daga ruwan shuka har kaka.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya amsa waɗannan a rubuce. Me ya sa baƙar cikowa ke isowa Yamai a washe? In lita tana ɗauke da miligiram 200, kogi kuma yana wuce da kubik mita 500 a sakan, kilo nawa na ƙasa ke wucewa a sakan? Tafki mai hekta uku ɗigo nawa zai samu a hoton Sentinel-2?

Sannan ku je wurin wanda ya fi kowa shekaru a unguwarku, ku gaishe shi, ku ce: "Baba, a zamanin ƙuruciyarku, wane wata tafkin nan ke ƙafewa, kuma ina bakinsa yake tsayawa?" In tsohuwa ce, ku tambayi Inna kwana nawa ruwansa ke yi a tulu kafin ya kwanta. Ku rubuta amsar yadda aka faɗe ta, da sunan itace ko dutsen da aka nuna maku a matsayin tsohon bakin ruwa, ku zo da ita aji.